Ƙasusuwan Ruwanda: a binne su ko a bar su duniya ta gani?

Malam Sani: Na ga ana ta yaba gidan tunawa da kisan ƙare-dangin da aka yi wa ƙabilar Tutsi a Ruwanda a 1994, wanda ke Gisozi a birnin Kigali. Ni dai ban yarda da jera ƙoƙon kawunan mutane a cikin gilashi ba. Haƙƙin mamaci a suturta shi. Hadisi ya nuna karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, balle a mai da shi abin kallo.

Hajiya Binta: Malam, ka taɓa zuwa kuwa? Mutum sama da 250,000 ne binne a can, cikin manyan kaburbura da aka rufe da kankare, dangi na zuwa suna ajiye furanni. Ƙasusuwan da kake faɗa ɗaki guda ne. Wallahi ba shi ya sa ni kuka ba, ɗakin yara ne: hoton yaro, sunansa, shekarunsa, abincin da ya fi so, sai a ƙasa a rubuta yadda aka kashe shi.

Malam Sani: To kin gani, Hajiya. Hoto ya isar da saƙo, ina amfanin ƙashin?

Usman: Ai Gisozi da sauƙi, Malam. Murambi fa? Makarantar fasaha ce da Tutsi suka fake a ciki aka karkashe su a Afrilun 1994. Har yanzu gawawwaki na nan kwance cikin azuzuwa, an zuba musu farar ƙasa don kada su ruɓe.

Malam Sani: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Alhassan: Ku yi a hankali, 'ya'yana. Cikin kwana 100 aka kashe kimanin mutum 800,000, gwamnatin Ruwanda ma ta ce sun haura miliyan. Ana tsakiyar yankan ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke shawarar rage sojojinta zuwa 270. Namu na Gana ne suka ƙi tafiya, tare da Janar Anyidoho. Mutanen da duniya ta juya wa baya haka, kuma har yau akwai masu musun abin, kai ne za ka ce su ɓoye shaidarsu? Hoto ana cewa haɗa shi aka yi. Ƙoƙon kai da saran adda a jikinsa ba ya musuwa.

Malam Sani: Allah ya ja kwana, Baba, shaida ai kotu ake kai ta. An yi ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Arusha ta Tanzaniya, an yi kotunan gargajiya na gacaca har zuwa 2012. Ko cikin waɗanda suka tsira akwai masu son a binne nasu su huta.

Hajiya Binta: Akwai kuma waɗanda suka ce a bar su. Matattunsu ne, ba namu ba.

Usman: UNESCO ma, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wuraren tunawa huɗu cikin kayan tarihin duniya a 2023: Gisozi, Murambi, Nyamata da Bisesero.

Malam Sani: UNESCO ba ta ba da fatawa, Usman. Gisozi zan iya zuwa in Allah ya kai ni. Murambi kam ba da ni ba.