Neman shawara: kayan gyaran tsofaffin injinan yankan itace, Stihl 038 da McCulloch 10-10

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan tsofaffin injinan zarto. Guda biyu ne a gabana. Na farko Stihl 038. Yana tashi da ƙyar, da ya ɗau zafi sai ya mutu, kuma kafin ya kai ga haka ya jima yana juya sarƙa shi kaɗai a sulo. Da aka cire salansa aka leƙa, fistin ya karce ta ɓangaren hayaƙi, ringi ɗaya ya maƙale. Rubutun murfin ya goge, 038 kaɗai ake iya karantawa. Na biyu McCulloch 10-10, ba ya ba da wuta sam, sarƙarsa ta cinye, sabuwar da aka gwada kuma ta ƙi zama kan giyarsa. Ta ina zan fara neman kayansu? Wanne ne dole sai na asali, wanne ne na wasu kamfanoni zai wadatar?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka dakata da sayayya tukuna. Injin da ke juya sarƙa a sulo, daga baya ya karce fistin ta gefen salansa, iska yake sha ta inda bai kamata ba. Iskar ta yi wa mai yawa, zafi ya hau, fistin ya kumbura ya goge silinda. In ka sa sabon fistin ba ka toshe hanyar iskar ba, kafin tanki uku ya ƙare za ka koma gidan jiya.

A 038 wurare huɗu ake zargi: wuyan roba da ke tsakanin kafireto da silinda, ɗan siririn tiyon da ke kai bugun iska daga gindin inji zuwa kafireto, oyil sil biyu na karanshaf, sai gasket ɗin gindin silinda. A gwada kafin a kwance silindar. Ka toshe bakin salansa da bakin kafireto da ɓallin roba, ka hura iska ta wannan siririn tiyon har ma'aunin matsin iska ya nuna rabin bar, wato wajen psi 7. Allura ta tsaya cak. In tana sauka, ka yayyafa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Sannan ka juya famfon ya zuƙo iska, shi ma rabin bar. Kada ka tsallake wannan na biyun, domin oyil sil kan riƙe hurawa amma ya saki a zuƙa, saboda matsin hurawar na ƙara danna leɓensa jikin ƙarfe.

Abin da gwajin ya nuna shi ne farkon jerin kayan da za ka saya.

Mai Kayan Gyara:

Gaskiyar Baba ce. Ni zan yi magana kan lamba, don nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. "038" ba inji ɗaya ba ne. Akwai na farko mai faɗin silinda milimita 48, akwai Super mai 50, akwai Magnum mai 52. Murfi kuma ba shaida ba ne, injin da ya haura shekara talatin wa ya san hannu nawa ya canza masa riga? Ka cire silindar ka auna faɗin cikinta da kalifa. In ba ka son cirewa tukuna, ka tura ɗan tsinken katako mai laushi ta ƙofar hayaƙi har ya taɓa bangon can, ka ɗaga fistin a hankali ya yi masa alama, ka auna daga alamar zuwa ƙarshe.

Lambar kayan Stihl tana da alƙaluma 11, huɗun farko su ne sunan dangi. Dangin 038 shi ne 1119, kuma MS 380 da MS 381 da suka gaje shi duk 1119 ne. Wannan ita ce sa'arka: injin ya tsufa amma zuriyarsa ba ta yanke ba, saboda haka robobi, tiyon mai, matatar iska, kayan igiyar tayarwa da famfon mai da yawa suna shiga juna. Haka 070 da 090 suke 1106, 041 yake 1110, 051 da 076 suke 1111. Wadda ta fara da 0000 kuwa kaya ne na gama-gari da ke hawa injina da dama. Misali kwayil mai lamba 0000 400 1300 yana hawa 038, yana hawa 026, 036 da 044.

Ka nemi takardar da ake kira IPL ta injinka, zanen da aka warware inji gunduwa-gunduwa aka sa wa kowane yanki lamba. Da lambar za ka yi bincike a intanet, ba da sunan inji ba. Sau da yawa lambar tana nan an zuba ta a jikin kayan, goge datti kawai za ka yi.

Abu ɗaya na kiyayewa: in naka mai 48 ne ko 50, kada ka ɗauka silindar MS 381 mai 52 za ta zauna haka kawai. Ka auna tazarar ramukan kusoshi huɗun nan na gindi, ka kwatanta kafin ka biya. Wasu sababbin silindu kuma suna zuwa da ramin bawul ɗin rage matsi a sama, sai ka sa bawul ko ka toshe shi da kusarsa.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri. An auna, 52 ne. Ke nan in sayi silinda da fistin gaba ɗaya?

Tsohon Bakanike:

A'a, kada ka yi saurin jefar da silindar. Cikinta an shafe shi da wani ƙarfe mai tsananin tauri, kuma mafi yawan abin da kake gani kamar karce, alminiyon fistin ne ya narke ya manne. Ana cire shi. Ka ɗiga asid ɗin haidirokulorik da auduga kan wurin kaɗai, a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau. Zai yi kumfa muddin akwai alminiyo. Ka hana shi gangarawa bakin ƙofofi ko inda shafen ya ɓantare, don can zai ci jikin silindar kanta. Ka wanke da ruwan da aka jiƙa garin baking soda a ciki, ka bi da samfefa mai lamba 320 da hannu, a kewaye ba sama da ƙasa ba. Daga nan ka ja farce. In farce bai kama komai ba a saman ƙofar hayaƙi, silindar nan ta fi yawancin sababbin da za ka samu, musamman in ka ga tambarin kamfanin Mahle ko KS a jikinta. In akwai rami mai zurfi a wannan wurin ko shafen ya ɓare, to ta gama aiki.

Fistin sabo kawai za ka nema. In na kamfanin bai samu ba, Meteor na Italiya, wanda kan zo da ringin Caber, sananne ne wurin masu gyara. Ka auna kaurin ringi, akwai 1.2 akwai 1.5, kada ka haɗa ringin wannan da fistin wancan. Ka tura ringin cikin silinda shi kaɗai, ka daidaita shi da kan fistin, ka duba tazarar bakinsa: milimita 0.2 zuwa 0.4 daidai ne. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa.

Ɗan Gareji:

Baba, da izininka zan ɗan saɓa. Kayan da ake yi da araha yanzu ba kamar na da ba ne, akwai silindun da ke aiki lafiya lau, kuma ba kowa ne zai iya wasa da asid ba. Ga wanda injinsa ba kullum yake daji ba, cikakken saiti ya fi sauƙi. Sharaɗin dai a duba kafin a ɗaura: a shafa yatsa a bakin kowace ƙofa, in akwai kaifi a goge shi, don shi ke kama ringi ya karya. A wanke ta da sabulu, ƙurar ƙarfe kan zo a ciki. Bayan an ɗaura, a tura wayar dalma mai laushi ta ramin fulogi zuwa gefe, a juya inji fistin ya matse ta da rufin silinda, a auna kaurin inda ta matsu. Kada ta gaza rabin milimita.

Amma ko ni akwai abin da ba na yarda a yi wa arha. 'Yan zobban nan biyu da ke riƙe sandar fistin: in ɗaya ya fita, fistin da silinda sun tafi cikin daƙiƙa guda. A sa masu kyau, bakinsu na kallon sama ko ƙasa, kada a maimaita wanda aka lanƙwasa wajen cirewa. Sai oyil sil, wuyan roba da tiyon mai. Robar banza wata shida take yi ta tsage, ga ka ka koma matsalar da Baba ya faɗa. Murfi, mariƙi, igiya, matatar iska, waɗannan ko na wane kamfani ne ba su da illa.

Kafireto kuma a duba sunan da ke jikinsa, don 038 ya fito da Bing, ya kuma fito da Tillotson, kayan cikinsu ba ɗaya ba ne. Gyara na asalin da sababbin fatu, wato siraran robobin cikinsa, ya fi sauya shi da sabo marar suna. In an gama, a murɗa L da H, kusoshin saita mai na ƙaramin gudu da babban gudu a jikin kafireto, su zauna a hankali, a dawo da kowanne zagaye ɗaya, daga nan a fara saiti. Fulogi NGK BPMR7A ko Bosch WSR6F, tazara 0.5. Tsakanin kwayil da maganaɗisun filawil 0.2 zuwa 0.3, kaurin katin takarda.

Mai Wasa Sarƙa:

Kun bar McCulloch ɗin a baya, bari in ɗauko shi. Nan labarin daban ne. Kamfanin na Amurka ya durƙushe a 1999, sunan ya koma hannun Husqvarna, kuma injinan da ke ɗauke da sunan yanzu ba su haɗa komai da 10-10 ba. Hanya uku ce ta rage: ragowar tsohon kaya da ba a taɓa buɗewa ba, wanda masu sayarwa ke rubuta wa NOS, mataccen inji irin naka da za ka riƙa cire kaya, sai kayan da asali ba McCulloch ne ya ƙera su ba. Ta ukun ce mutane ke mantawa. In kafireton Walbro SDC ne, saitin fatunsa K10-SDC na nan ana yi. Boris da oyil sil ana auna ciki, waje da kauri a nemo su da awo. Ka tuna dai awon inci ne, har kusoshinsa, kada ka tilasta masa na milimita ka cinye zaren. NOS ɗin ƙarfe alheri ne, amma NOS ɗin roba ka yi hattara, robar da ta shekara arba'in a kwali ta bushe ko ba a taɓa ta ba.

Batun sarƙa: ka auna daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa ta uku. Milimita 19 na nufin sarƙa mai awon inci 3/8, 16.5 na nufin .325, 20.5 na nufin .404. In ka samu wajen 18, to ka ci karo da .354, awon da McCulloch ya yi amfani da shi a wasu tsofaffin injinansa, kuma shi ne zai sa sarƙar 3/8 ta riƙa hawa kan haƙoran giya. Kada ka ɓata lokaci neman irinta. Ka sauya giyar zuwa 3/8, in ƙarfen da sarƙar ke bi yana da giya a hanci shi ma ka sauya shi. Wajen sayen sabon ƙarfe ka ɗora tsohon a kai, ramin mai ya hau daidai, in ba haka ba sarƙa za ta yi ta gudu a bushe. Sai faɗin kwarin ƙarfen, milimita 1.3 ne ko 1.5 ko 1.6, da adadin haƙoran ƙasan sarƙar, a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Mai Waya:

Kan rashin wuta, Malam, fara da abin da ba ya cin ko sisi. Cire wayar makunni daga kwayil ka ja igiya, sau da yawa ita ce ta goge take taɓa jiki. In shiru, tsofaffin 10-10 kwantak da kwandansa (points da condenser) ne ke ba su wuta, suna ƙarƙashin filawil. Ka cire filawil da abin jansa, kada ka doki kan karanshaf da guduma tsirara. Ka goge bakin kwantak har ya yi haske, ka ja farar takarda tsakaninsu ta ɗebe maiƙo, ka saita buɗewarsa wajen milimita 0.45. Injin da ya daɗe a ajiye yawanci a nan wutarsa ke dawowa.

In ta dawo rawaya mai rauni, ko tana ɗaukewa da zafi, kwandansa ne abin zargi. In bai samu ba, akwai 'yar na'ura irin Nova II da ke maye gurbin kwantak da kwandansa gaba ɗaya: waya ɗaya zuwa kwayil, ɗaya zuwa jikin inji, in ba wuta a juya wayoyin. Sai dai ba ta tayar da mataccen kwayil. Ka sa mita tsakanin hular fulogi da ƙarfen kwayil, ya kamata ka ga dubban om. In mita ba ta motsa ba, duba hular tukuna, ɗan sifirin ɗin cikinta kan zame daga waya. In hular lafiya take, kwayil ya yanke, sai na mataccen inji.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Tambaya ta ƙarshe: tunda tsofaffi ne, in ƙara musu mai a gauraya fiye da na sababbi?

Tsohon Bakanike:

Awon da tsofaffin littattafai suka rubuta na man zamaninsu ne. Da man gauraya mai kyau na injin da iska ke sanyayawa, mai alamar JASO FD, 50 da 1 ya ishi 038, wato mililita 100 a lita 5 na fetur. In kana son ƙari saboda sabon fistin ko don McCulloch ɗin, yi 40 da 1, mililita 125 a lita 5, ka saita kafireto a kan wannan awon ka dawwama a kai. Tanki biyu ko uku na farko ka bar H ya ɗan yi yalwa, kada ka riƙe wuta har ƙarshe sarƙa ba ta cikin itace. Kuma ka duba ko 10-10 ɗinka yana da birkin sarƙa, da yawansu ba su zo da shi ba. In babu, kada hancin ƙarfen ya taɓa komai yana gudu.