Lodin layi miliyan 30 da SSIS: kundin ma'amala yana cika kafin aikin ya ƙare

Sabon Mai Rumbu ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna aiki da SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft. An damƙa mini wani aiki na dare wanda ke kwaso bayanai daga fayil ɗin CSV ya zuba su a tebur guda ta hanyar SSIS, wato kayan aikin SQL Server na kwaso bayanai da loda su, layukan kuma sun kai kimanin miliyan 30 a kowane lodi. Lokacin da na karɓi aikin, yana shigar da layi ɗaya bayan ɗaya ne, har yakan kai awa 7, ma'aikata su iso da safe bai gama ba. Sai na mayar da OLE DB Destination, wato mashigar da ke zuba layukan a tebur, zuwa tsarin lodin gaggawa, na kuma sa sifiri a gurbin da ke ƙayyade yawan layukan da ake tabbatarwa a lokaci guda, domin na ɗauka hakan ne zai fi sauri. Da farko ya yi gudu ƙwarai, amma da ya ci kusan kashi biyu cikin uku sai faifan da ke ɗauke da kundin ma'amala, inda sabar ke rubuta kowane canji domin ta iya warware shi ko dawo da shi, ya cika, aikin ya tsaya, sabar kuma ta shafe lokaci mai tsawo tana warware abin da ta riga ta shigar, ina zaune ina kallo babu abin da zan iya yi. Teburin yana da fihirisa 5 masu saurin nemo layuka, da maɓallan da ke haɗa shi da wasu tebura, muna kuma kan SQL Server 2019. Ina kuskuren yake, kuma wane saiti ya kamata in fara taɓawa?

Mai Kula da Sabar ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Komawa lodin gaggawa da ka yi daidai ne, sifirin nan ne ya jawo maka. Ma'anarsa ita ce kada a tabbatar da komai sai layi na ƙarshe ya shiga, wato layi miliyan 30 ɗin sun zama ma'amala guda, kuma muddin ma'amala tana buɗe SQL Server ba zai sake amfani da wurin da ta cinye a kundin ba, dole kundin ya yi ta kumbura har faifan ya ƙare. Ka raba lodin dami-dami. Ni ina farawa da layi 100,000 a kowane dami, in auna lokaci, sannan in ƙara ko in rage, domin babu lamba guda da ta dace da kowane tebur. Faɗin layi da ƙarfin faifai ne ke yanke hukunci.

Sai dai raba damin kaɗai ba zai wadatar ba sai ka duba tsarin farfaɗowa da rumbun bayanan yake kai, wato saitin da ke ƙayyade yadda ake riƙe kundin domin dawo da bayanai idan sun lalace. Idan yana kan SIMPLE, wurin da dami ya cinye yana dawowa bayan an tabbatar da shi an kuma rubuta shafukansa a faifai. Idan kuwa yana kan FULL, wurin ba ya dawowa sai an ɗauki kwafin ajiya na kundin, saboda haka ko damin layi 1,000 ka yi, kundin zai ci gaba da girma in ba a ɗaukar kwafin a tsakiyar lodin. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su rage dami su ga babu canji, su ɗora laifin kan manhajar.

Saurin gaske yana zuwa ne idan sabar ta daina rubuta kowane layi a kundin, ta koma rubuta wuraren da ta ware kawai. Hakan na buƙatar rumbun ya kasance kan SIMPLE ko BULK_LOGGED, a kulle teburin gaba ɗaya lokacin lodin, kuma ya fi tabbata a teburin da ba shi da fihirisa ko ɗaya. Fihirisarka 5 kuwa kowacce sai an gyara ta da shigar kowane dami. Kana iya dakatar da su kafin lodi ka sake gina su bayansa, amma ka kiyayi dakatar da babbar fihirisar da ke riƙe da layukan kansu, domin da zarar ka yi haka teburin ba zai karantu ba sam. Ka kuma leƙa girman ma'ajin wucin gadi na SSIS, wanda yake zuwa da layi 10,000 ko megabait 10, duk wanda aka fara kaiwa. Tun daga sigar 2016 akwai AutoAdjustBufferSize da ke daidaita girmansa da yawan layukan da ka nema.

Injiniyar Bayanai ta amsa:

Bayanin Malam a kan kundin ma'amala babu gyara a cikinsa, amma ina so in ja kunne kafin mai tambaya ya je ya sauya tsarin farfaɗowa a rumbun da mutane ke aiki da shi. Komawa SIMPLE yana tsinke jerin kwafin ajiyar kundin, ba zai sake haɗuwa ba sai an dawo FULL an ɗauki sabon kwafin rumbun. BULK_LOGGED bai tsinke jerin ba, amma kwafin kundin da ya ƙunshi irin wannan lodi ba ya bari a mayar da rumbun zuwa wani minti takamaimai a cikinsa. Idan kuma rumbun yana cikin Always On, tsarin da ke riƙe kwafinsa a wata sabar, maganar ma ba ta taso ba, FULL ne dole. Wannan ba hukuncin mai rubuta aikin lodi ba ne shi kaɗai, sai da sanin wanda za a tasa cikin dare ranar da bayanai suka lalace.

Abin da nake yi shekara da shekaru shi ne ba na zuba fayil kai tsaye a teburin da ake dogaro da shi. Ina buɗe teburin zango a wani rumbu daban wanda ke kan SIMPLE, babu fihirisa, babu maɓalli, babu sharaɗi, in sauke fayil ɗin a can da dukkan saurin da faifai zai iya, sannan in tsaya in bincika: yawan layukan ya yi daidai da na fayil, babu maimai, kwanan wata kwanan wata ne, lamba lamba ce. Bayan haka ne nake kwashe su zuwa babban tebur dami-dami. Amfanin wannan yana fitowa ne ranar da aiki ya karye. Wanda ya raba dami a kan babban tebur, idan lodin ya tsaya a layi na miliyan 18, ya bar teburin da fiye da rabin bayanai, kuma sai ya san inda zai ɗora ko abin da zai goge. A teburin zango kuwa, share shi za ka yi ka sake, babu wanda ya ji babu wanda ya gani.

Akwai kuma abu biyu da masu neman sauri ke yi suna cutar kansu. Na farko, cire alamar da ke sa lodin ya duba sharuɗɗan teburin. Lodin zai ɗan ƙara gudu, amma SQL Server zai ɗauki waɗannan sharuɗɗa da maɓallan haɗi a matsayin waɗanda ba a amince da su ba, ya daina dogaro da su wajen tsara yadda zai amsa tambayoyi, har sai an sake duba su da WITH CHECK. Na taɓa gadon rumbu da aka yi wa haka, muka kwashe kwanaki muna neman dalilin da rahotanni suka yi nauyi. Na biyu, tura layukan da suka gaza zuwa teburin kuskure. A lodin gaggawa, layi ɗaya marar kyau yana kayar da damin da yake ciki baki ɗaya, saboda haka za ka tarar da dubban layuka lafiyayyu a cikin kuskuren. Maganinsa shi ne ka jona wata mashiga ta biyu mai shigar da layi ɗaya-ɗaya a bayan ta farko, ta karɓi damin da ya faɗi ta tace shi, mai laifin kaɗai ya wuce zuwa teburin kuskure.

Sabon Mai Rumbu ya dawo:

Allah Ya saka muku da alheri, Malam da Malama. Na duba, ashe rumbun yana kan FULL, kwafin kundin kuma ba a ɗaukarsa da dare. Ban taɓa tsarin ba. Na gina teburin zango a sabar gwaji kamar yadda Malama ta kwatanta, fayil ɗin ya sauka cikin ƙasa da minti 20, kwashewa zuwa babban tebur kuma ta ɗauki kusan awa guda da damin layi 100,000, mun kuma yi magana da mai kula da rumbun zai riƙa ɗaukar kwafin kundin a kai a kai lokacin lodi. Amma gwajin ya tono abu biyu. Sunayen da ke da haruffa masu lanƙwasa sun lalace, duk inda ƙ take sai in ga Æ™. Sa'annan na lura cewa a gwajin da na fara yi kai tsaye kan babban tebur, teburin da ke ajiye tarihin canje-canje bai sami ko layi ɗaya ba, alhali akwai tiriga, wato umarnin da ke tashi da kansa idan an shigar da bayanai, da ke cika shi.

Injiniyar Bayanai ta sake amsawa:

Madalla da ka kama su a gwaji. Fayil ɗinka UTF-8 ne, amma mahaɗin da ke karanta shi yana kan shafin lamba 1252, wato wani tsarin fassara haruffa daban, shi ya sa yake ɗaukar bait biyu na ƙ a matsayin harafi biyu daban. Ka mayar da shi 65001, wato lambar UTF-8, ka tabbatar bayanan suna isa teburin a matsayin DT_WSTR, ginshiƙan da za su karɓa kuma su zama nvarchar, nau'o'in da ke iya riƙe irin waɗannan haruffa, tun daga teburin zango har babban tebur, in ba haka ba harafin zai tsira a mataki na farko ya mutu a na biyu.

Game da tiriga, lodin gaggawa ba ya tayar da ita sai an rubuta FIRE_TRIGGERS a cikin FastLoadOptions, gurbin saitunan lodin gaggawa. Yanzu da kake kwashewa daga zango da INSERT na yau da kullum za ta tashi da kanta, amma sau ɗaya take tashi ga kowane dami, ba ga kowane layi ba. Ka buɗe ta ka karanta kafin daren farko, domin idan wanda ya rubuta ta ya ɗauka layi ɗaya ne ke zuwa a kowane lokaci, tarihinka zai ajiye layi guda cikin kowane 100,000 kuma babu saƙon kuskure da zai sanar da kai.