Kwalekwale a kogin Big River na Mendocino: wane lokaci ya fi dacewa a shiga?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya kai mu watan Yuli za mu je Mendocino, arewacin Kaliforniya, ni da maigida da 'yarmu mai shekara 9. Ina so mu hayi kwalekwale mu shiga Big River, tsakanin dogayen itatuwan nan da ake kira redwud. An ce mini ruwan kogin yana tafiya wani lokaci gaba, wani lokaci baya, abin ya tsaya mini a rai saboda yarinyar. Da safe za mu shiga ko da yamma?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Agogon teku za ki bi, ba na hannunki ba. Teku na cika sau biyu a rana, yana tura ruwa cikin kogin har wajen mil 8, sannan ya janye. Ku tashi daga bakin kogin, ƙarƙashin gadar Highway 1, lokacin da ruwa ke shigowa, shi zai kai ku ciki ba wahala. Idan ya juya, ku ma ku juya. Lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum, don haka ki duba jadawalin cika da janyewar teku na NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, na ainihin ranar da za ku je.

Abin da mutane ke mantawa shi ne iska. Da rani tana tasowa daga teku bayan azahar, tana bugun mai dawowa a fuska. Na taɓa ganin magidanci yana tuƙi iya ƙarfinsa, kwalekwalen kamar an ɗaure shi. Ni dai a ganina, ki zaɓi ranar da cikar ruwa ta faɗo da hantsi.

Anti Rabi: Ga yarinya, dokar Kaliforniya ta tilasta wa ɗan ƙasa da shekara 13 sa rigar ceto. Ku ma manya ku sa, ruwan sanyi ne da shi ƙarara ko a Yuli. In ta ga karen ruwa ko zalɓe a bakin tabo, ku tsaya daga nesa ta kalla.

Malam Habu: Hajiya, kada ki sa ran ganin tsofaffin itatuwan nan na hoto. Tun 1852 aka kafa injin yanka katako a bakin kogin, aka sare yawancinsu. Waɗanda ke tsaye yanzu tohon baya ne, sai 2002 wurin ya shiga gandun jiha. Duk da haka suna da tsayi sosai. In manyan kike so, ku biya ta gandun jiha na Hendy Woods, can akwai tsofaffin.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan duba jadawalin kafin mu tsayar da rana.