Makon Hutu a Alƙahira: Baitoci Tsakanin 'Yan Zazzau

Ɗan Kwarbai, daga Masar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun gama jarrabawa a Jami'ar Azhar, an ba mu sarari a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje. Ga yadda makon ya kasance. Amsa-amon "ya" na ɗauko, mai amsawa bismillah.

Da sunan Rabbana zan fara,
Mun kammala jarrabawa mun sarara,
Saƙon gaisuwa ga shi na tura,
Daga Alƙahira zuwa Zariya.

Ranar farko barci muka yi,
Kai ya sauke dukkan nauyi,
Sai da hantsi muka dafa shayi,
A Madinatul Bu'us ta Abbasiyya.

Abokaina kowa da garinsu,
Kowa da irin tuwon gidansu,
Larabci ne ya haɗa ni da su,
Ɗan Senegal, ɗan Chadi, ɗan Indonesiya.

Muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa,
Kushari muka ci mai yawan albasa,
Soyayya ƙayau an barbaɗa bisa
Shinkafa, adas, tumatir da taliya.

La'asar sakaliya muka nufi ruwa,
Faluka a Nilu, iska na turawa,
Ba inji, ba hayaƙi, sai shaƙatawa,
Mai jirgi na zaune yana jan igiya.

Kawu na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Waƙa ta yi daɗi, ɗana. Amma aikin babba ne jan kunne, ka yi haƙuri da ni.

Ɗana na ji ka, sannu da hutu,
Amma fa an aike ka karatu,
Kar yawo ya raba ka da rubutu,
Uwarka na ƙirga watanni a zuciya.

Masallacin Azhar ya haura shekara dubu,
Zaman banza a harabarsa babu,
Ka durƙusa gaban malamai ka ɗebo abu,
Wanda za ka shayar da mu gaba ɗaya.

Tun 970 aka fara gininsa, ana karantarwa a cikinsa har yau. Ba kowa Allah ke kai wa can ba.

Ɗan Kwarbai:
Allah ya ƙara girma, Kawu. Na karɓa hannu bibbiyu. Ga sauran labarin, don hankalinka ya kwanta.

Kawu, na rusuna, na ji batu,
Amma yawon nan akwai karatu,
Abin da na sani a cikin rubutu,
Na gan shi da ido, na taka, na tsaya.

A Fusɗaɗ, masallacin Amru ɗan Asi,
Na farko a Masar, mun yi shi a darasi,
Na cire takalmi, na ja numfashi,
Na tuna zaurenka da karatun safiya.

Imamu Shafi'i mun kai wa ziyara,
A nan ya rasu, 204 ta Hijira,
Mun yi masa addu'a mun ƙara,
Ko da yake gidanmu Malikiyya.

Ganuwar Salahuddini muka haye,
Alƙahira duka ga ta a kewaye,
Magariba ta yi muna nan tsaye,
Kiran salla ya tashi a kowace hasumiya.

Kuɗin da kuka turo ban ɓarnatar ba,
Tsofaffin littattafai na je na duba,
Sharhin fiƙihu na gani, ban bar shi ba,
Na taya, aka sallama, a Azbakiyya.

Kawu na Tudun Wada:

To madalla, hankalina ya kwanta,
Ziyarar nan na ji daɗinta,
Sharhin, in ka dawo mu karanta,
Kai ka ja baƙi, ni in biya.

'Yar Samaru:
Kawu ya samu nasa, saura ni. Yaya, ka tsallake abin da na fi so in ji.

Mu a Samaru zango bai ƙare ba,
Daga aji sai laburare, ba mu huta ba,
Labarin dalar Giza ba ka ba mu ba,
Ta kai dutsen Kufena kuwa? Faɗi gaskiya.

In ka shiga kasuwar Khanul Khalili ka tuna,
Baƙar abaya nake so, Yayana,
Tsayina ɗaya da Gwaggo, ka auna,
Da 'yar fitilar azumi ta kwalliya.

Ɗan Kwarbai:

Ƙanwata, Kufena Allah ya dasa,
Dalar Khufu hannu ya ɗora ta bisa,
Mita 146 ta kai daga ƙasa
A farkon gininta, yau ta ɗan ja baya.

Dutse guda ya kai mini ƙirji,
Mun zagaya ta har ƙafa ta gaji,
Ruwan rake mai sanyi muka sha muka ji
Kamar raken Maƙarfi na bakin hanya.

Washegari jirgin ƙasa muka hau,
Daga tashar Ramsis, tafiya mai kyau,
Ga teku a gaban ɗan Zazzau,
Ga soyayyen kifi a Iskandariyya.

Dalar ta haura shekara 4,500 a tsaye. A Iskandariyya kuma mun zauna gindin ganuwar Ƙaitbai, wadda aka fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar haska jiragen ruwa, igiyar ruwa na dukan dutse tana feso mana gishiri a fuska. Abayarki tana cikin lissafi.

Gwaggo ta Ƙofar Doka:
Ni ban iya dogon baiti ba, amma ɗan nan sai na yi magana.

Na ji kushari, na ji kifi,
Ban ji tuwo ba, shi ne ƙarfi,
Na daka kuka da yaji mai zafi,
Ga daddawa, don ka kaɗa miya.

In akwai mai tahowa ka yi magana,
Ƙunshin na ɗaure yana ɗakina,
Ka gai da abokan nan, 'ya'yana,
Ka tuƙa musu su ci, su kwana lafiya.

Ɗan Kwarbai:

Gwaggo, na karanta musu baitinki,
Ɗan Chadi ya san kuka, ya gode miki,
Ɗan Indonesiya na roƙon arziki,
A ƙaro yajin, shi ya fi so a miya.