Kano, Kaduna ko Abuja: ina ya dace tela ya koma da iyalinsa?

Abu Khadija, Tudun Wada, Zariya:
Assalamu alaikum. Ni tela ne mai ɗinkin maza, kaftani da babbar riga, kuma a Zariya aka haife ni. An sayar da ginin da shagona yake ciki, ga shi ciniki ya ja baya tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, domin wanda ya saba ɗinka kala uku da sallah yanzu da ƙyar yake kawo ɗaya. Zuciyata ta karkata ga barin gari. Ina da mata da yara uku, biyu suna firamare, mahaifiyata kuma tana cikin birni wajen ƙanena. Tunanina ya tsaya a kan Kano, Kaduna da Abuja, ina roƙon waɗanda suka san garuruwan nan su ba ni shawara tsakani da Allah.

Malam Na-Kwari, Kano:
Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ɗan'uwa. Kano tana da abin da tela yake so, domin shadda da yadi suna nan a Kantin Kwari a farashin sari, kuma 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi suna shigowa sayayya. Sai dai teloli a nan ba su ƙirguwa, kuma Bakano ba ya miƙa shaddarsa mai tsada ga wanda bai sani ba, sai wani da ya yarda da shi ya nuna masa. Tambayar da ta kamace ka ita ce: a wane gari kake da mutumin da zai tsaya maka, ya ba ka gurbin keke a shagonsa har hannunka ya sanu? Idan akwai shi a Kano, ka zo kafin azumi, lokacin da manyan shaguna ke neman ƙarin hannu saboda ɗinkin sallah.

Maman Hanif, Mararaba:
Malam, ni daga Samaru muka taso. Gaskiya ne ana biyan ɗinki da daraja a Abuja, amma mai ƙaramin ƙarfi ba a cikin gari yake zama ba, sai Mararaba, Nyanya, Zuba ko Suleja, kuma kuɗin mota da cunkoson hanya suna cinye riba da lokaci. Haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali a kai. Abin da ya fi damuna shi ne uwargidanka, wadda za ta bar dangi da maƙwabtan da ke kama mata yara, ta koma inda kowa ke harkar gabansa. Don Allah ka zauna da ita ka ji ra'ayinta tun kafin ka yanke hukunci, kuma kada a cire yara daga makaranta a tsakiyar zango.

Baba Tela, cikin birnin Zazzau:
Yaro, ina ganin ka manta da jarin da ke hannunka. Aikin hannu na babbar riga, irin su aska takwas da aska biyu, da shi aka san Zariya, kuma masu wannan aiki a lungunan birni suke, ba za su bi ka Abuja ba. Ni Kaduna zan zaɓa maka. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce, kana iya dubo Hajiya ka koma a yini guda, ka karɓi aiki a can ka kawo a yi maka wuya a nan. Akwai teloli da yawa a Kasuwar Barci, kuma tun 2016 jirgin ƙasa ke tashi daga Rigasa zuwa Abuja idan ka samu masu saye a can. Ka fara tafiya kai kaɗai, ka yi sallah ɗaya kana gwada kasuwar, iyali su biyo baya idan ƙafarka ta tsaya. Ka yi istihara, ka nemi albarkar mahaifiyarka.

Abu Khadija:
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Baba, akwai wanda muka koyi ɗinki tare yana da shago a Kaduna, zan neme shi cikin makon nan in ji ko yana da wurin ajiye keke ɗaya. Da mai ɗakina kuma za mu yi magana yau da dare, in sha Allahu.