Neman Ban Ɗaki da Turanci Cikin Ladabi

Ga abin da na tsinto daga bayanan jama'a:

1. Kusan kowa ya yarda cewa kalmar ta danganta da ƙasa. A Amurka restroom ko bathroom ake cewa, a Kanada washroom, a Ingila kuwa toilet ko loo.

2. A aji, ɗalibi ya ce "May I be excused?" A wurin cin abinci "Excuse me a moment" ta wadatar, ba sai an yi bayani ba, kamar yadda mu ma muke cewa "bari in zaga".

3. An sha bamban kan "I want to ease myself". Wasu sun ce ladabi ce tsantsa, wasu sun ce a wajen Najeriya da maƙwabtanta da wuya a gane ta. Ni dai ina bayan na biyun.

4. "Powder my nose" ta mata ce, kuma ta tsufa.