Jakar Hajiya: me za a sa, me za a bari?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Allah Ya nufa bana mahaifiyarmu za ta sauke farali, kuma ni aka ɗora wa haɗa kaya tunda ni ce a kusa. Shekarunta 64, tana da hawan jini da ɗan sukari, ba ta taɓa hawa jirgi ba, iyakarta Kaduna a mota. Tun jiya na baje kaya a tsakar ɗaki na rasa ta inda zan fara. Ita kuma duk abin da na ware gefe sai ta ce a mayar, har da ɗan turmin dakan yajinta. Waɗanda suka je, don Allah me ya yi muku amfani da gaske?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah Ya sa karɓaɓɓe ne. Turmi kam ki ɓoye shi a maƙwabta har sai jirgi ya tashi.

Hajiya Babba: Auta, zo nan 'yata. Sau biyu na je, kuma sai a na biyu na gane cewa jaka biyu ake haɗawa, kowacce da aikinta. Babbar jaka ta masauki ce. Tana ajiye a ɗaki a Madina, tana ajiye a ɗaki a Makka, duk abin da kika manta a cikinta akwai shi a shagon ƙasan bene. Wadda za ki zauna ki yi wa tunani ita ce ƙaramar, wadda za ta rataya ranar 8 ga Zulhajji a fita Mina, 9 ga wata a hau Arfa, a kwana Muzdalifa, a dawo Mina a yi kwanakin jifa. Kwana biyar ko shida ke nan ba ta ganin babbar jakar. Abin da za ta iya ɗauka da kanta a kafaɗa shi ne nata, don a cikin turmutsutsun nan kowa ta kansa yake yi.

A cikin ƙaramar: kaya kala biyu marasa nauyi, hijabi biyu, lema, gorar ruwa, maganinta, 'yar darduma mai kauri ko siririyar tabarmar roba mai naɗewa. A Muzdalifa ƙasa ake kwana, kan tsakuwa, sararin Allah ne rufi. Zuwana na farko da sallaya sharara na je, na kwana ina juyi kamar masa a tanda, da asuba ƙuguna ya ƙi miƙewa. Ki haɗa mata da ƙaramar buta ma, ta yi alwala a gefe, don layin banɗaki a can sai mutum ya yi kusan sa'a yana tsaye.

Autar Hajiya: Na gode Hajiya. Kaya kala biyu kacal na kwana biyar?

Hajiya Babba: Su ma ɗaya za ki ga ta dawo da shi a ninke. Ba biki za ta ba.

Alhaji Mai Shago: Hajiya ta gama magana. Ni nawa ɗaya ne: takalmi. Kada a saya mata sabo ranar tafiya. Wanda za ta je da shi ta fara sa shi tun yanzu, tana zaga unguwa bayan la'asar, takalmi ya saba da ƙafa, ita ma ta saba da tafiyar. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki zuwa Harami. Daga tantunanmu zuwa wajen jifa kuwa, je-ka-ka-dawo, wannan sai wanda ya taka. Ni sabon takalmi na ƙwalisa na saya a Kwari, kwana uku ya sale mini dunduniya, na ƙare aikin Hajji da silifas ɗin riyal goma.

Sannan a ɗinka mata 'yar jakar yadi mai zariya ta zuba takalmi. In za ta shiga masallaci ta sa a ciki ta rataya. Kada ta ajiye a bakin ƙofa ta ce za ta dawo ta ɗauka. Ƙofofin da yawa, kuma duk kama suke wa baƙo. Ka shiga ta nan, jama'a ta tura ka ka fita ta can.

Nas ɗin Zaure: Wannan maganar takalmin ta fi shafarta saboda sukarin. Mai ciwon sukari wani lokaci ba ya jin zafi sosai a tafin ƙafa, sai ya taka kwalta da rana tsaka ya ƙone bai sani ba, kuma ciwonsa ba ya saurin warkewa. Farin dutsen da ke kewaye da Ka'aba ba ya ɗaukar zafi, amma titi a waje wuta ne. In takalmi ya ɓace ta zauna inda take a sayo mata wani. A sa mata safa mai kauri guda uku ko huɗu, da man kaɗanya saboda faso.

Magani kuma, ƙanwata, ki saurare ni da kyau. Ki kai ta wajen likitanta ya rubuta mata na kwanakin tafiyar duka da ƙarin mako biyu, don dawowa takan ja. Kowane magani a barshi a kwalinsa na asali, da takardar likita a tare. Kada ki ɓare ƙwayoyi ki zuba a leda ɗaya don rage wuri. Ki raba biyu, rabi a jakar hannu, rabi a babbar jaka. Na'urar gwada sukari a jakar hannu, da 'yan alawa ko dabino saboda in ya faɗi a hanya. Tiramadol da maganin tari mai kodin kada ma su kusanci jakar, a can babban laifi ne. Sai garin gishiri da sukari na leda kamar guda goma, a kaɗa a gora in an yi gumi da yawa, amma ita ki tambayi likitanta yadda za ta sha saboda hawan jinin. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba inuwa. Lemar da Hajiya Babba ta ambata, a samo fara ko mai haske, mai ƙarfin ƙarfe.

Maman 'Yan Biyu: Anti Nas, ki ƙara da 'yar kwalbar fesa ruwa, irin ta masu aski. Ana cika ta da ruwan sanyi a fesa a fuska da wuya. A Arfa wata 'yar Indonesiya ce ta fesa mini ban roƙa ba, wallahi har yau ina yi mata addu'a.

Ɗan Maraɗi: Ina gaishe ku mutanen Najeriya. Wanga zance na caja ku kun huta, don bakin soket na Saudiyya mai ƙafa uku ne irin naku. Mu nan Nijar namu mai ƙafa biyu ne zagayayye, in ba ka tafi da abin juya baki ba sai ka yi ta bin maƙwabta. Amma ko ku, ku sayi abin jona wuta mai baki huɗu ko biyar. Mutum huɗu ko fiye a ɗaki guda, soket biyu, kowa da waya. A tantin Mina kuwa abin ya fi haka. Wanda ya zo da shi a tantinmu shi ya zama sarki, har shayi ake kawo mishi.

Direban Dare: Da fawa banki. Amma a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda ya shiga kayan da ake aunawa ba. Mai ƙarfin mAh 10,000 ko 20,000 ya isa, waɗancan manya masu kama da bulo za a iya karɓewa. Almakashi, reza, abin yanke farce, su kuma akasin haka, babbar jaka. Ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu. A gabana aka karɓe wa wani dattijo kwalbar zuma guda, yana ta rantsuwa ta Mambila ce.

Autar Hajiya: To ga babbar rigimar. Goro. Hajiya ba ta wuni ba ta ci ba. Ta ce ko ƙwarya ɗaya a naɗe mata a cikin zani.

Alhaji Mai Shago: Kai! A'a. Ki ce mata in ji ni. Hukumar alhazai kowace shekara sai ta yi gargaɗi a kan goro, a bita ma za a faɗa musu. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru a tsare shi a filin jirgi saboda goro?

Direban Dare: Alhaji ai mutane suna wucewa da ɗan na ci.

Alhaji Mai Shago: Malam Direba, kai ma wani lokaci kana wuce shinge ba a tsayar da kai ba, wannan bai sa takardunka sun cika ba. Tsohuwa ce, ba ta jin Larabci, ba ta jin Turanci. In aka ja ta gefe wa zai yi mata bayani? Ta fara ragewa tun yanzu, rabi, kwata, har ta saba. Kuma tunda an zo nan: kada ta karɓi saƙon kowa. A sansanin alhazai za a zo da fara'a, Hajiya don Allah ɗan ƙullin nan ki kai wa ɗana yana karatu a Madina. Ko ɗan ɗakinsu ne ta ce jakarta ta cika. Akwai waɗanda suka shiga uku a kan kayan da ba su san me ke ciki ba.

Hajiya Babba: Gaskiyar Alhaji. Abinci dai ni ina goyon bayan a ɗan riƙe. Ana ba da abinci, amma bakin tsoho in ya gaji da shinkafa da kaza sai ya daina ci gaba ɗaya, ga ta da sukari. Garin kunun tsamiya ko na gyaɗa, ɗan garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji. Busassu kawai. Kowanne a leda biyu, a ɗaure, a sa a roba mai murfi. Man ja kuwa na hore ki. Wata 'yar ɗakinmu ta ɗura shi a gorar lemo ta tura tsakiyar kaya. Da muka isa Madina ta zuge zif, fararen hijabanta guda huɗu sun koma kalar miyar taushe, har da ambulan ɗin hotunan jikokinta. Ta zauna bakin gado ba ta ce komai ba, sai hannu da ta sa a haɓa. Mu muka haɗa mata hijabai.

Maman 'Yan Biyu: Daddawa ma haka. Ƙanshi a tukunya, amma in ta yi mako a jaka cikin zafi ɗakin gaba ɗaya sai ya ɗauka.

Nas ɗin Zaure: Kuma ban da risho ko tukunyar gas. An hana girki da su a tantunan Mina. Gobarar 1997 ta ci mutum sama da 300, bayanta ne aka kafa tantunan da ba sa kama wuta.

Malamin Islamiyya: Ɗan ƙari ta ɓangarenmu. Sabulu da man shafawa na kwanakin harama a nemi marasa ƙanshi. Mace ba ta da wani yadi na musamman, kayanta na sutura su ne haraminta, sai dai ba ta sa niƙabi ko safar hannu. 'Yar jakar tsakuwa ma tana da amfani, ko ƙaramar gorar ruwa da aka shanye: tsakuwa 49 ga wanda zai bar Mina ranar 12, 70 ga wanda zai kai 13. In jikinta ba zai ɗauki cunkoson jifa ba akwai hukuncin wakilci, ta tambayi malaman tawagarsu tun kafin ranar. Ga masu haɗa wa iyaye maza kuma, bel mai aljihu na ɗaure harami, da man shafawa a cinya saboda gugar tafiya. Dattawa suna jin nauyin faɗa, amma shi ke sa ka ga mutum yana tafiya a tale.

Ɗan Maraɗi: Malam ya tona mana asiri.

Hajiya Babba: Auta, saura abin da ya fi ba ni tsoro ga tsofaffi, ɓata. Jakunkunan jiha duk iri ɗaya ne, ɗaruruwa a jibge. Ki yago ƙyallen atamfa mai ƙyalli ki ɗaure a hannun kowacce, ki rubuta sunanta da jiharta da lambar waya da babban alƙalami a jiki, ki sa wata takardar a ciki. Ita kuma 'yar jakar wuya da za ta shige ƙarƙashin hijabi: katin Nusuk (katin shaidar alhaji da Saudiyya ke bayarwa), katin masauki mai adireshi da Larabci, lambar jami'in tawagarsu, da ɗan canjin riyal. Guzurinta kada ya zauna wuri ɗaya, ki ɗinka mata aljihu a cikin siket. Ki ɗauki hoton fasfo da biza da katin rigakafi ki ajiye a wayarki, ki buga kwafi biyu ki sa mata. Kuma ki koya mata amsa kiran bidiyo tun yanzu, kada sai ta je kunnenta kawai za ku riƙa gani.

Alhaji Mai Shago: Kuma ki bar wuri a jaka. Shekarar da na je kilo 32 ne babba, 8 ta hannu, amma ki bi abin da aka faɗa musu a bita ta bana. Da rabin jaka ake tafiya, don dabino da jallabiyoyi da carbi da dardumai na jiran ta. Ƙaramin sikelin rataye ya cece ni ranar awo, wasu kuwa a nan suka zazzage tsaraba a ƙasa suna zaɓen wadda za a bari. Zamzam kada ta ɗura a gora ta ɓoye cikin kaya, na'ura na gani, a farke jakar a fitar. Mu lita biyar-biyar aka ba mu bayan mun sauka gida.

Maman 'Yan Biyu: Rigar sanyi ɗaya fa. Za ki yi dariya, amma sanyin na'urar ɗaki da na mota tsakanin Madina da Makka, tafiyar kilomita sama da 400, shi ke fara jawo tarin nan da kowa ke dawowa da shi. Da igiyar shanya da 'yan maƙalai, da garin sabulun wanki kaɗan.

Autar Hajiya: Allah Ya saka muku da alheri, na cika shafi biyu. Na karanta mata duka. Ta yarda da maganar man ja, ta yarda da takalmi, har ta ce gobe za ta fara zagayen. Goro ta ce za ta yi shawara. Turmin dai na kai shi gidan Yaya.

Direban Dare: Ki duba cikin zannuwan da ta ninke da kanta kafin ki rufe jakar.

Autar Hajiya: Na duba yanzu. Guda tara na samu, a cikin safa.